Yadda turarenki zai yi suna daga baki zuwa baki

Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, nan Kano, kuma yawancin masu saye a wurina ba tallata suka gani ba. Wata ce ta ji ƙamshi a jikin wata a gidan biki ko a ofis, ta ce "Don Allah a ina kika sayi wannan?" aka karanto mata lambata. Aikin da dillaliya take yi a da, tana shiga gida-gida da kaya a jaka da labarin wadda ta saya ta ji daɗi, yanzu waya ce ke yin rabinsa. Sauran rabin na hannunki, 'yar'uwa, kuma ana iya tsara shi.

Fara da kwalbar kanta. Ki sa a buga miki sitika mai sunan sana'arki da lambar waya da manyan baƙaƙe, ki manna a jikin kwalba, ba a leda ko kwali ba, domin waɗannan ranar da aka kai kaya ake jefar da su. Kwalba kuwa tana wata da watanni a gaban madubi, duk baƙuwar da ta shiga ɗaki tana ganinta. Turawa ma da wannan suka ci kasuwa: a 1996 kamfanin Hotmail ya riƙa liƙa layi ɗaya a ƙasan kowace wasiƙar imel da masu amfani da shi suka aika, yana gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa akwatin kyauta. Cikin shekara ɗaya da rabi suka tara mutum miliyan 12, Microsoft ya saye su a ƙarshen 1997. Kowane saƙo ya tafi da adireshin inda aka samo shi, shi ke nan dabarar.

Sai gyara. Duk mun san mai tumatir yana ƙara biyu bayan an gama ciniki. Ni gyarana ɗan ƙullin turare ne daban da wanda aka saya, a ƙaramar roba mai nata sitika, kuma ina faɗa da bakina: "Hajiya, wannan na ƙanwarki ne ko maƙwabciya." In ba ki faɗa ba, ita za ta ƙona abinta. Idan wadda aka ba ta dawo ta saya, dukansu biyu ina ƙara musu wani abu a oda ta gaba. Dropbox, masu ajiyar fayil a intanet, sun yi irin wannan, suna ƙara wurin ajiya kyauta ga mai gayyata da wanda aka gayyato, suka tashi daga mutum dubu 100 zuwa miliyan 4 cikin wata 15. Abin da ban yarda da shi ba shi ne biyan kuɗi a kan kowace kwastoma da aka kawo. Ranar da mace ta gano ƙawarta na karɓar la'ada a kanta, yabon ya zama talla a kunnenta, kuma zumuncin ma ya yi tsami. In kina son dillaliya, ki ɗauki dillaliya a fili, ki ba ta farashin sari, kowa ya san matsayinsa.

Inda mata da yawa ke ɓata ƙarfinsu shi ne zauren dangi na WhatsApp. Kullum hoto goma a zauren gidan kakanni, alhali Gwaggo da Inna da su Anti duk sun san kina sayar da turare, kuma mutanen da suka sani ke ma kin san su. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya nuna a 1973 cewa masu neman aiki sun fi jin labarin gurbi daga wanda suka sani sama-sama, ba daga aminai ba, saboda amini yana yawo ne a da'irar da kake ciki, na nesa kuwa yana da tasa. Don haka ki nemi matan da ƙafarsu ke shiga gidajen da taki ba ta shiga: mai kitso, mai lalle, telar da ke ɗinkin anko, malamar Islamiyyar matan aure, ma'aikaciyar jinya mai abokan aiki arba'in. Ki kai wa mai lalle turare ta riƙa sa wa a kasko lokacin da amare ke zaune hannu a miƙe. Awa uku suna shaƙa, babu inda za su je, dole wata ta tambaya. A ganina wannan ya fi biyan mai mabiya dubu ɗari a Instagram wadda jiya ta tallata sabulu, gobe maganin ƙiba, har masu kallonta sun daina saurare.

Yanzu WhatsApp, domin yana da ƙa'idojin da in ba ki sani ba za ki yi ta magana ke kaɗai. Sitatus ɗinki ba ya zuwa wa kowa sai wadda kika adana lambarta ita ma ta adana taki, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda yana ɗaukar lamba 256, shi ma sai wadda ta adana ki yake isa. Saboda haka kalmar farko ga sabuwar kwastoma ita ce "Don Allah ki yi sabin ɗin lambata." Tun 2019 ba a iya tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a lokaci ɗaya, daga Afrilun 2020 kuma saƙon da ya sha turawa sai wuri ɗaya-ɗaya. An yi haka ne don rage jita-jita, amma ya shafe mu: mai tura tallarki sai ta yi da gangan, don haka ki sauƙaƙa mata. Hoto ɗaya, da farashi da lamba da unguwa a rubuce a jikin hoton, saboda rubutun da ke ƙasa yana iya faɗuwa a hanya. Kuma ki bar ɗabi'ar nan ta "ki min magana ta ciki don jin kuɗi". Mace mai kunya ba za ta tambaya ba don kada ta ji ya fi ƙarfinta.

Abin da aka fi turawa ba hoton kaya ba ne. Mutum yana tura abin da zai sa a ce masa an gode. Gajeren bidiyon da na nuna yadda ake barin garwashi ya yi toka-toka kafin a zuba turare, don kada ya yi ƙauri, ya je wayoyin da hoton kwalba bai taɓa zuwa ba. Haka bayanin yadda ake turara kaya a jiƙe da humra kafin su bushe, ko yadda ake bambance kajiji mai kyau. Kada bidiyo ya wuce rabin minti, data tsada gare ta.

Saƙon yabo da kwastoma ta turo, musamman na murya, ki nemi izininta kafin ki ɗora, ki goge suna da lamba. Matar aure ba za ta so muryarta na yawo a wayoyin da ba ta sani ba. Na ƙirƙira kuwa ana gane shi, duk salonsu ɗaya ne.

Mugun labari ma ta wannan hanyar yake bi, da gudu. In kwalba ta fashe a motar Kaduna ko mai aike ya kai a makare, ki kira da murya, ki maye kayan, sannan ki koma kan direba. Kada ki yi musu a rubuce, domin rubutu ake ɗauka a hoto a watsa.

Ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk sabuwar da ta yi magana ki tambaye ta, "Wa ya ba ki lambata?" ki rubuta sunan a gefen odar. Bayan 'yan watanni za ki ga sunaye uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa, kuma sau da yawa ba manyan masu saye ba ne, wata ma ƙaramar kwalba take ɗauka. Su za ki fara aika wa sabon haɗi su gwada kafin ya hau sitatus, su kuma za ki tuna da su a ƙarshen azumi, kafin cunkoson odar Sallah.