Yadda matashi zai fara aikin jarida kan harkokin ƙasashen waje daga Abuja

Yawancin matasan da ke sha'awar wannan aiki a Landan ko Washintan suke hango kansu, kuma ba laifinsu ba ne. Mun taso muna jin sashen Hausa na BBC da ya fara watsa shirye-shirye a 1957, da na DW da ya biyo baya a 1963, da na Muryar Amurka da aka buɗe a 1979. Amma wanda ke zaune a Abuja ba ya buƙatar biza kafin ya soma. Hedikwatar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, tana Abuja, majalisarta da kotunta duk suna cikin garin, Ma'aikatar Harkokin Waje tana Tafawa Balewa House, ga ofisoshin jakadanci birjik a Maitama da tsakiyar birni. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, zaɓi yanki ɗaya ka riƙe shi. Wanda ya ce zai yi sharhi kan Gaza da safe, Yukiren da rana, Sudan da dare, ƙarshenta maimaita abin da wasu suka rubuta kawai zai yi. Shawarata ita ce ka fara da maƙwabta: Nijar, Chadi da Kamaru. Jihohi bakwai na Arewa ne ke da iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma a can ne Hausarka take zama jari.

Duba abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar. A Abuja shugabannin ECOWAS suka zauna ranar 30 ga wata, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka ba sojoji wa'adin mako guda. Waɗanda aka tura sulhu su ne Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, daga baya ayarin malamai ya je Yamai ya gana da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki. A Disambar 2024 kuwa, da harshen Hausa Tchiani ya yi hirar da ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, gwamnatin Najeriya ta fito ta musanta. Wakilan manyan kafafen duniya sai da suka jira a fassara musu. Kai da kunnenka za ka ji, har ka gane inda ya yi gugar zana. Haka kuma kai ne za ka iya kiran ɗan kasuwa a Illela ko Jibiya ko Maigatari ka ji abin da rufe iyaka ya yi wa farashin kaya, domin da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na biyu, koyi Faransanci. Wannan ba abin da za a ɗage ba ne. Sanarwar gwamnatocin Nijar da Chadi da Mali da Burkina Faso da Faransanci take fitowa, kuma akwai ajin koyo a cibiyar al'adun Faransa da ke Abuja. Idan kana da Larabci tun daga Islamiyya, ka farfaɗo da shi, zai yi maka amfani a kan Chadi da Sudan.

Na uku shi ne wanda matasa suka fi gudu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin: karanta takardun asali. Idan an kammala taro, kada ka tsaya ga labarin da wata jarida ta buga. Nemo sanarwar bayan taron, ka karanta ta daga farko har ƙarshe, sannan ka ɗauko ta taron baya ka jera su. Jami'an diflomasiyya ba sa faɗin magana kai tsaye. Akwai tazara tsakanin ƙungiya ta ce ta damu da ta ce ta yi Allah wadai, kuma sau da yawa labarin yana cikin sakin layin da aka cire a wannan karon. Ka buɗe littafi na musamman kana rubuta ranaku a jere: an kafa ECOWAS a 1975, dakarunta na ECOMOG sun shiga Laberiya a 1990, ƙasashen Sahel uku, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, sun kafa ƙawancensu a Satumbar 2023, sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Ranar da edita ya kira ka ya ce yana son bayani cikin rabin sa'a, wannan littafin ne zai fishe ka.

Na huɗu, shiga ɗakin labarai ko da ba albashi mai tsoka. Idan lokacin bautar ƙasa ya zo, ko na sanin makamar aiki, nemi gurbi a Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, ko Muryar Najeriya, ko Daily Trust da Aminiya, ko Premium Times, ko HumAngle mai bibiyar rikice-rikicen yankin Tafkin Chadi. Takardar da edita ya sa wa hannu ita ce ke buɗe maka ƙofar taron manema labarai. Ka san cewa zaman Abuja da tsada. Wataƙila daga Mararaba ko Kubwa ko Lugbe za ka riƙa tasowa, don haka taron ƙarfe goma yana nufin barin gida tun bayan sallar asuba.

Na biyar, tara majiyoyi. Sabon shiga yakan bi jakada da gudu, alhali jami'in yaɗa labaran ofishin da ƙananan ma'aikata su ne za su ɗauki wayarka. Je laccoci da tarukan da cibiyoyin bincike ke shiryawa, ka yi tambaya ɗaya mai ma'ana, ka karɓi lamba. Idan mutum ya ce kada ka ambaci sunansa, ka cika alƙawari ko da labarin zai rage armashi. Idan ya ce maganar ba ta bugawa ba ce, ka riƙe ta a cikinka, ka nemi tabbacinta ta wata hanya.

A nan sai na ja kunne, don abin yana ci mini rai. Kowane ofishin jakadanci muradin ƙasarsa yake karewa, wannan shi ne aikinsa. Za a gayyace ka liyafar ranar 'yancin kai, za a miƙa maka ambulan da sunan kuɗin mota, wata rana ma a ce za a kai ka ziyarar gani da ido kyauta. Ambulan kada ka karɓa. Tafiya kuwa, sai da sanin editanka, kuma ka faɗa wa masu karatu wanda ya ɗauki nauyinta.

Mataki na ƙarshe, tallata aikinka. Haɗa rahotanni uku zuwa biyar da ka fi alfahari da su a wuri guda a intanet. Idan za ka tuntuɓi editan wata kafar waje, kamar RFI Hausa ko TRT Afrika, rubuta masa gajeren saƙo: mene ne labarin, me ya sa yanzu, su wa za ka yi magana da su, yaushe za ka miƙa. Ku daidaita kan kuɗin aiki a rubuce kafin ka fita. Idan mako ya wuce shiru, tuna masa sau ɗaya, sannan ka kai labarin wani wurin.