Yadda Ake Tantance Rahoton Soja Kan Abubuwan Da Matuƙa Jirgi Ke Gani A Sama

Duk wanda zai karanta irin wannan rahoto kan abubuwan da ake gani a sama ba a gane su ba, waɗanda wasu ke cewa na halittun wata duniya ne, ya fara da sanin cewa warware kowane lamari abu ne mai wuya, domin sau da yawa bayanan da aka tattara ba sa isa a yanke hukunci. Shirin Blue Book na rundunar sojin saman Amurka, wanda ya binciki irin waɗannan rahotanni har aka rufe shi a 1969, ya bar rahotanni 701 ba a warware ba cikin 12,618, kuma bai danganta ko ɗaya da halittun wata duniya ba.

Ka duba, na'urori nawa ne suka shaida abin? Matuƙin jirgin yaƙi ƙwararre ne, amma idonsa na ɗan Adam ne, yana kuma gudu mai tsanani. Rahoton da ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya fitar a Yunin 2021 ya duba lamura 144, inda 80 daga ciki na'ura fiye da ɗaya ta kama su. Waɗannan su ne suka cancanci ka tsaya a kansu. Shi ya sa har yau ake maganar abin da Kwamanda David Fravor, matuƙin jirgin yaƙin sojin ruwan Amurka, ya gani a Nuwamban 2004 kusa da gaɓar Kalifoniya, domin ma'aikatan rada (na'urar gano abubuwa a sama daga nesa) sun ce sun ga wani abu, akwai shaidar ido, daga baya kuma wani matuƙin ya ɗauko bidiyo.

Daga nan sai ka nemi nisan abin daga jirgin, kuma a ganina nan ne mafi yawan masu sharhi ke tuntuɓe. Idan ba a san nisa ba, ba a san girma ba, ba a kuma san gudu ba. Bidiyon GoFast, ɗaya daga cikin ukun da ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar a Afrilun 2020, yana nuna wani ɗigo kamar yana sheƙa gudu dab da ruwan teku, amma da AARO, ofishin ma'aikatar da ke binciken irin waɗannan lamura, ya lissafa alƙaluman da ke kan allon kyamarar, sai ya gano abin yana can sama wajen ƙafa 13,000, kuma gudun jirgin da ke ɗaukar hoton ne ya yaudari ido, kamar yadda itatuwan bakin hanya ke yi wa wanda ke cikin mota. Saboda haka kada ka tsaya a kallon ɗigon, ka karanta lambobin da ke gefen allo.

Sai kuma ka gwada lamarin da abubuwan da aka saba gani, wato balan-balan, jirage marasa matuƙi, tsuntsaye, da taurarin ɗan Adam na Starlink masu ƙyalli idan rana ta haska su.

Ka kuma nemi ainihin takardar da hukuma ta wallafa maimakon guntun bidiyon da ke yawo a intanet. Idan ka tarar an shafe wasu layuka da baƙi, ka tuna cewa soja na ɓoye ƙarfin na'urorinsa da wuraren atisayensa daga abokan gaba, ko da abin da aka ɗauka balan-balan ne.