Yadda Ɗalibin Malanta Zai Buɗe Darasi Aji Bai Kuɓuce Masa Ba

Duk ɗalibin NCE, wato karatun samun takardar shaidar malanta, na Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ne ko na Aminu Saleh da ke Azare, sai ya yi TP, wato gwajin koyarwa a makaranta, kafin ya karɓi takardarsa. Da yawa sukan kwana suna ƙawata tsarin darasi, amma minti biyar na farko ne ke kayar da su. Darasi minti 35 ne ko 40. In hayaniya ta cinye goma, sauran duk a guje za ka yi shi.

Shirin yana farawa tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Tambayi malamin darasin inda ya tsaya, sannan ka karɓi littafin yaro ɗaya ka duba, domin sau da yawa abin da malam ya ce an yi daban, abin da ke rubuce daban. Sa alli a aljihu, ka ce wa monita ya goge allo kafin ka iso.

Da ka shiga, yi sallama, ka bari su amsa su gaishe ka su zauna. Kada ka soma bayani ana surutu. Tsaya a gaba, ka yi shiru, ka zuba wa kusurwar da ake hayaniya ido. Za ka ji kamar ka shekara a tsaye, alhali bai fi rabin minti ba. Tsawa takan yi aiki ranar farko, zuwa mako na biyu sun saba da ita.

Sai babban aikin, wato tambayar buɗewa. Sabon malami yakan rubuta kan darasi ya ce, "Wa ya san wannan?" Yara biyu na gaba su ɗaga hannu, sauran su koma hira. Ka ɗauko tambayar daga abin da kowa ya gani a gida. In za ka koyar da yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska, tambaye su me ya sa wanki ke saurin bushewa da hunturu, amma da damina ya wuni a igiya da danshinsa. In lissafi ne na rabawa, ce an ba yara huɗu naira 200 kuɗin tara, nawa kowa zai samu? A nan har na bencin baya yana da ta cewa. Jefa tambayar ga aji duka, ka ɗan dakata, sannan ka kira suna, kuma ka haɗa da 'yan mata da waɗanda ba su ɗaga hannu ba. Wanda ya kuskure kada ka bari a yi masa dariya, in ba haka ba gobe ba mai buɗe baki. In Turanci ya tsaya musu, yi tambayar da Hausa, kalmar Turancin ta biyo baya.

Daga amsarsu za ka gangaro kan darasin. Yanzu ne za ka rubuta shi a allo da kwanan wata, ka faɗa musu a jimla ɗaya abin da za su iya yi kafin a tashi.

Makararru kuwa, nuna musu wurin zama da hannu ka ci gaba, maganarsu sai an gama. Darasin da ke biye da tara ya fi wuya, don sun dawo da gumi da ragowar rigimar fili, sai ka ƙara musu minti ɗaya su natsu kafin ka yi tambayar.