Yadda malami zai jawo yaran bayan aji su fara karatu da rubutu

A ajin firamare mai cunkoso, karatun amshi ne ke ɓoye yaron da bai iya ba. Malam ya faɗa, aji ya maimaita, na benci na ƙarshe yana motsa baki alhali bai san inda ake a allo ba. Haka zai kai aji huɗu, a ce masa daƙiƙi, shi ma ya yarda.

Abu na farko, a gwada kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Takarda guda ta isa: baƙaƙe 10, kalmomi 10 masu gaɓa biyu kamar "gida" da "rana", gajerun jimloli 4, sai ɗan labari. A fara da jimlolin. In ya kasa a sauka zuwa kalmomi, in ya iya a hau zuwa labari. Minti 3 zuwa 5 ke nan ga kowane yaro. Daga nan a raba su rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa shekaru ba. Wannan tsari ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, an kuma gwada shi a makarantun ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano.

Kafin a ɗora wa yaro laifi, a binciki dalilin shirunsa. Wani ba ya hango allo, wani kunnensa na ciwo, wata sai ta gama talla take zuwa, wani kuma Fulatanci ko Barbarci ake yi a gidansu. A dawo da shi gaba na mako guda a gani. Bulala a nan ɓarna ce kawai, domin yaron da aka daka saboda ya yi kuskure ba zai sake buɗe baki ba.

A ware minti 45 kullum. Goma na farko a yi tatsuniya ko labarin abin da suka sani, ranar kasuwa ko kiwon awaki, a jefa tambaya da sunan yaro, a jira shi ya yi tunani. Yawancin malamai nan suke gaggawa, su miƙa tambayar ga mai ɗaga hannu. Sannan minti 15 na haɗa gaɓoɓi: a yanka kwali a rubuta ba, ka, ki, ra, ɗa, tsa, yara su jera "baka", "kara", "ɗaki" da hannunsu. Kada a koyar da b da d rana ɗaya, haka ɓ da ɗ, suna rikita masu farawa. Minti 10 su yi karatu biyu-biyu, sauran 10 rubutu.

Wanda ke tsoron biro, a ce ya faɗi jimla guda game da kansa. Malam ya rubuta ta daidai yadda ya faɗa, yaron ya karanta, ya kwafa, gobe ya ƙara wata. Wajen gyara a ɗauki kuskure ɗaya tak. Shafin da ya cika da jan biro, yaro yage shi yake yi.

Yaran da suka yi makarantar allo suna da ƙarfin hadda da iya riƙe alƙalami, amma sukan fara rubutu daga dama. A sa musu ɗigo a gefen hagu na kowane layi. Haddar kuma takan yaudari malami: yaro ya zubo shafi duka ba tare da ya karanta ba. A nuna masa kalmomi a warwatse, daga ƙasa zuwa sama.

Bayan mako 3 ko 4 a sake gwajin da sababbin kalmomi, wanda ya ci gaba ya koma rukuni na gaba. Wanda bai motsa ba bayan gwaji biyu, a nemi iyayensa a tattauna, a kuma duba idonsa da kunnensa a asibiti.