Yadda za ka sauke kitsen jini idan gwaji ya nuna ya hau

Mutum zai je asibiti a ɗebi jininsa, takarda ta fito likita ya ja layi ƙarƙashin wata kalma wai tiragilisarayid, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ya ce ta hau, sai ya dawo gida ya kafa doka kar a ƙara sa masa mai a miya, amma da safe suga cokali huɗu a shayi ga madara ga rabin burodi, da rana kuma lemon kwalba mai sanyi bayan shinkafa. Wallahi wannan abin yana damuna, domin inda ya kamata a fara ba nan aka fara ba.

Shi wannan kitsen asalinsa ajiya ce. Abin da ka ci jiki bai ƙona ba, musamman suga da sitaci, hanta ce ke mai da shi kitse a kai rumbu, ranar da ka ɗauki azumi ko ka sha aikin ƙarfi daga nan jiki ke ɗiba. In ya yi yawa yana yawo a jini ne yake taimakawa wajen toshewar jijiyoyi, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ya kuma taru a hanta. Kuma ba ya ciwo fa, siriri ma yana iya samunsa.

Fara da gwaji. Ka je da safe ba ka ci komai ba na awa 9 zuwa 12, ruwa kawai. In lambar ta yi ƙasa da 150 lafiya lau (wasu ɗakunan gwaji da wani ma'aunin suke rubutawa, a nan 1.7 ne iyakar), 150 zuwa 199 an fara hawa, 200 zuwa 499 ya yi yawa. Daga 500 zuwa sama kuwa ba maganar gyaran abinci kaɗai ba ce, yana iya kumbura pankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ciwon ciki ne mai tsanani har gadon asibiti. Wannan ka koma wurin likita a satin, kar ka tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai suga. Kwalbar lemo ɗaya ta roba tana ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali 10, ka ajiye ta, ka ajiye maltina, zoɓo da kunun aya da fura a dama maka ba suga ko ɗan kaɗan. Zuma ma suga ce dan Allah, kar a ce ai magani ce a riƙa kwankwaɗa. Farar shinkafa da taliya da tuwon semo a rage malmala, a ƙara wake, alale, kwaɗon zogale, rama, tuwon dawa ko gero. Kifi mai maiƙo irin titus da sadin sau biyu a sati yana taimakawa, gasasshe ko a miya, ba wanda aka soya ya sha mai ba. Mai shan giya ya bari gaba ɗaya, tana harba lambar nan da sauri.

Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a sati, bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Mai kilo 90 in ya rage biyar zuwa tara kawai zai ga bambanci a takarda.

'Yan uwana mata, ƙwayoyin ƙiba ɗin nan da ake kira sha ka fashe, da yawansu sitiroyid ne, wani magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi, suna tayar da kitsen jini da sugan jini tare. Ki faɗa wa likita gaskiya in kina sha, kuma kar ki yanke lokaci guda, a hankali ake janyewa. Haka mai ciwon suga, in sugan bai daidaita ba kitsen ba zai sauka ba. Bayan wata uku a sake gwaji, ka tafi da tsohuwar takardar a haɗa a gani.