Kurakuran Masu Fatsa a Ƙoramun Duwatsun Virginia Lokacin Zafi

Duk wanda ya tashi yana ganin tarwada a kasuwa, kwance cikin baho tun safe har la'asar da ɗan ruwan da bai rufe mata baya ba, kuma tana motsi, zai ɗauka kowane kifi haka yake da taurin rai. Da wannan tunani na fara shiga ƙoramun gandun dajin Shenandoah da ke jihar Virginia a Amurka, kuma shi ya sa na kashe kifin da ban yi niyyar kashewa ba.

Wata la'asar ce a watan Yuli. Na kama wani kifi mai suna tirawut, irin wanda ake kira buruk, tsawonsa bai fi tafin hannuna ba, jikinsa da jajayen ɗigo-ɗigo masu shuɗin zobe, gefen fikafikansa fari tas. Na riƙe shi ina kallo, na ɗauki hoto, na mayar da shi ruwa. Ya yi ɗan yunƙuri, sai ya kife, cikinsa fari ya kalli sama, ruwa ya tafi da shi a hankali har ya maƙale a jikin wani dutse. Ɗan ƙanwata da ke tare da ni ya ce, "Kawu, ba ka ce sakinsa za mu yi ba?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Fatsar da nake magana a kai ba ta tana ba ce. Ƙugiya ce ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, nauyin igiya ne ke kai ta inda ake so, kifi ya taso ya cafke a zaton abinci ne. Daga Yuni zuwa Agusta ruwan ƙoramun nan yana ja baya, ya yi garau, ya ɗumama, kuma kusan duk kuskuren da ake yi daga nan yake tasowa.

Babbansu shi ne fita ba tare da ma'aunin zafi ba. Mutum ya tsoma hannu, ya ji sanyi, ya ce ruwa lafiya lau. Hannun da ya sha rana ba ya faɗin gaskiya: ruwan da ya kai digiri 22 a ma'aunin Salshiyos sanyi zai yi maka, alhali tirawut yana cikin wahala. Shi kifi ne na ruwan sanyi, ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 16. Ruwa kuwa, gwargwadon ɗumamarsa gwargwadon raguwar iskar oksijin da ke cikinsa. A digiri 10 lita ɗaya tana iya riƙe kimanin miligiram 11, a digiri 25 kuwa kusan 8 ne kawai. A daidai wannan lokaci jikin kifin ya fi buƙatar iskar, saboda ɗumi yana hanzarta aikin jikinsa. To ka ɗora masa kokawa da ƙugiya a kan wannan, ka ga ya gaji gajiyar da ba zai farfaɗo ba, ko da ka ga ya yi iyo ya tafi. Masu wannan fatsa a Amurka sun tsayar da iyaka a digiri 68 na ma'auninsu, wato digiri 20 namu. Ka sayi ƙaramin ma'auni, ka tsoma shi a inuwa inda ruwa ke gudu, ka bar shi minti ɗaya cikakke. In ya kai 20, naɗe igiyarka. Ba na yin ciniki a kan wannan, kuma ban ga dalilin da wani zai yi ba.

Akwai wani kuskure da ke ɓoye cikin wannan, kuma masu hankali ma suna faɗa masa. Sai mutum ya ce bari rana ta yi sanyi, ya fita da yamma. Iska ta yi sanyi, gaskiya ne, amma ruwa ya wuni yana shan zafi, kuma tsakanin la'asar da magariba ne yake kai ƙololuwa. Da asuba yake sauka ƙasa. Shi ya sa a jihar Montana, idan zafin kogi ya kai digiri 73 nasu, kusan 23 namu, kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, ta bar wa mutane safiya kawai. Ni dai in na yi sallar asuba sai hanya, kafin ƙarfe 11 na gama. Kuma a duba sanarwar gandun kafin a kama hanya, domin a 2023 an rufe dukkan ƙoramun Shenandoah ga masu fatsa saboda fari da ƙarancin ruwa.

In ƙasan ƙorama ya ɗumama, hau sama. Shugaban Amurka Herbert Hoover da ya kafa sansaninsa na hutu a bakin kogin Rapidan a 1929, cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai cewa wurin ya kai tsayin ƙafa 2,500, don ya tsere wa sauro da zafin Washington. Tsayin da ya raba shi da sauro shi ne ke tsare wa kifin sanyinsa, ga inuwar itatuwa, ga idanun ruwa masu ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse. Sai dai in ka tarar da tirawut sun taru jingim a bakin wani idon ruwa, kada ka yi murna ka ce ka samu. Gudun hijira suka yo, nan ne kaɗai wurin da ya rage musu na numfashi. Ka wuce su.

Sai maganar tafiya. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma ban taɓa ganin inda wannan magana ta zauna daram kamar ƙoramar dutse a watan Agusta ba. Ruwan bai wuce idon sawu ba, garau kamar gilashi. Sabon shiga zai zo da farar riga, ya tsaya ƙiƙam a kan dutse, inuwarsa ta faɗa gurbin, sannan ya yi ta jifa rabin awa a wurin da kifi ya riga ya shige ƙarƙashin dutse tun zuwansa. Tirawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, saboda daga can abinci ke zuwar masa. Don haka ka faro daga ƙasa kana hawa, ka zo masa ta baya. Sa tufafi masu kalar ganye ko ƙasa, ka duƙa, in ta kama ka yi rarrafe, ka fake da dutse. Kada ka shiga ruwan sai dole, domin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi tana riga ka isa. Kuma ka fara jifa a wutsiyar gurbi, don ƙaramin kifin da ke tsaye a nan, in ka firgita shi, shi zai ruga sama ya tayar da na gaba. Jifa uku ko huɗu masu kyau sun isa gurbi ɗaya.

Wasu kuma suna maƙale wa ƙwarin da suka yi musu aiki a Afrilu da Mayu, lokacin da ƙwarin ruwa ke ƙyanƙyashewa da yawa. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Da zafi abincin kifi daga bisa yake faɗowa: tururuwa, ƙananan buzuzu, fara, gyare, da koren tsutsar nan mai lilo daga reshe. Baƙar tururuwar ƙarya a ƙugiya mai lamba 16, ko buzuzun soso mai lamba 14, a jefa ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, ya faɗa da ɗan "ɗis", ya fi akwati guda na ƙwarin da lokacinsu ya wuce. Zaren ƙarshe ya zama siriri, 5X ko 6X, kuma a ɗaga sanda don igiya ta bar kan ruwa. In ruwa ya ja igiya, ƙwaron zai riƙa tsaga ruwa kamar kwale-kwale, kifi kuma ya san ƙwaron gaske ba ya haka.

Idan ka kama, kada ka ja wasan da tsawo. Jawo shi da wuri, jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta, ka cire ƙugiya yana cikin ruwa. Tun a gida ka matse haƙorin ƙugiyar da filaya, sai ta zare ba gardama. A gandun Shenandoah doka ma ba ta yarda da komai ba sai abin fatsa na ƙarya mai ƙugiya ɗaya, kuma sai da lasisi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu nacewa kan tirawut har ruwa ya kai digiri 23, alhali ga wani kifin da ake kira bas a gindin dutsen yana jira. Bas mai ƙaramin baki ɗumi yake so. Tsakanin digiri 21 zuwa 27 ne ƙarfinsa ke kawowa, kuma kogunan Shenandoah da James da New cike suke da shi. Mafarauci ne, halinsa ya fi kusa da na giwan ruwa, yana cin ƙananan kifaye da jatan landen rafi da mazari. Amma kada ka sauko masa da kayan tirawut. Sanda mara ƙarfi mai lamba 3 da siririn zaren 6X ba za su iya jefa babban ƙwaro ba, kuma zai tsinka zaren ya tafi da ƙugiya a baki. Ɗauki sanda mai lamba 6 da zare mai kauri, kamar 1X ko 2X.

Kuskuren da kowa ke yi da bas shi ne gaggawa. Akwai ƙwaron toto mai yawo a saman ruwa, wanda in an fizge shi yake yin "ɓul". Sai mutum ya jefa ya hau fizga ba ƙaƙƙautawa. A ruwan da ya ja baya wannan korar kifi ne. Jefa shi kusa da inuwar gaɓa, ka ƙyale shi har zobban ruwan su ɓace, ka ƙirga goma a zuci, sannan ka ɗan motsa shi sau ɗaya. Manyan bas sau da yawa a wannan shirun suke tasowa, su tsotse shi a hankali ba ko fantsama. Da rana ta take kuma suna komawa zurfi da bayan duwatsu, sai ka sauya zuwa mai nutsewa irin Clouser, wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 don bas na kogin Susquehanna.

Ka riƙa ɗaga kai kana duba sama. Hadarin yamma a duwatsun nan ba ya sallama, kuma sandar da ke hannunka ta girafayit ce, wuta tana bi ta cikinta. Da ka ji tsawa, kwantar da ita a ƙasa ka fita daga ruwa. Ruwan da aka yi can bisa dutse, inda ba ka gani, yana iya cika ƙorama cikin mintuna. In ka ga ruwa ya fara yin ja, ganyaye da ƙirare suna gangarowa, hau tudu nan take. Duba inda za ka dafa kafin ka dafa, saboda macizai masu dafi suna shan rana a kan duwatsun. In ka koma gida, bincika jikinka sosai, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, don kaskar dajin nan tana ɗauke da cutar Lyme, kuma wata ba ta fi ƙwayar riɗi girma ba.