Shawara Kan Murɗewar Bim ɗin Ƙarfe Mai Ɗauke da Wani Bim

Assalamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi da magina. A makon jiya na leƙa wani gini da ake yi a wajen Samaru, sai na tarar babban bim (dogon ƙarfen da ake gittawa a kwance don ɗaukar nauyin gini) na gefe ya ɗan karkace, domin ƙananan bim duk ta ɓangare guda suka hau shi, kuma an ɗaure su nesa da tsakiyarsa.

Bim mai siffar harafin I yana jure lanƙwasa ƙwarai, amma ba shi da ƙarfin jure murɗawa. Idan nauyin kilonutan 50 (kilonutan ma'aunin ƙarfin nauyi ne) ya sauka milimita 100 daga tsakiyar bim, an samu murɗi na kilonutan-mita 5, wanda da yawa daga cikinmu ba ma sa shi a lissafi, kuma wannan sakacin yana damuna matuƙa.

Shawarata ita ce a matso da mahaɗar bim ɗin biyu kusa da tsakiyar babban bim gwargwadon iko, a kuma yi ta da ƙarfin da ƙaramin bim zai riƙe babban kada ya juya. Inda murɗin ya zama dole, a zaɓi ƙarfe mai siffar akwati, domin rufaffen ƙarfe ya fi jure shi nesa ba kusa ba. A duba wannan tun kafin a zuba kankaren dekin.